Ruwan da Ba na Kogi Ba

Na sayi motar ne don ɗauko bandar kifi daga Auyo zuwa Haɗeja. Wanda ya sayar mini dillali ne a unguwarmu, sahu ɗaya muke sallah da shi. Da sassafe ya ba ni ita na gwada, muka zagaya sau ɗaya ya ce mu koma, wai yana da baƙi. Ban kawo komai a raina ba.

A tafiyata ta uku motar ta fara zafi. Na tsaya na zuba ruwa a lagireto, ta shanye, na ƙara ta shanye. Da ƙyar na kai ta wurin bakanike, wani dattijo mai gareji a bakin tasha. Ya zaro sandar awon mai ya nuna mini. Baƙin man ya koma kalar shayi mai madara.

"Gasket ne," in ji shi. "Wata 'yar shimfiɗa ce tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ita ke raba ruwa da mai. Ta ƙone, kuma ba jiya ba."

Na kai ƙara wurin mai unguwa. Damina ce, kogi ya cika ya hau hanyar Auyo, ko'ina motoci na ratsa ruwa. Dillalin ya zo da babbar riga ya zauna yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, kowa ya san abin da ke sa mai ya yi fari a ƙasar nan. Ya tsunduma ta a ruwan fadama ne. Kuma mutumin da bai iya karanta sunansa ba, ina zai karanta agogon zafi? Shi ya dafa injin da hannunsa."

Aka yi dariya. Mai unguwa ma ya gyaɗa kai, don a wurinmu duk man da ya yi fari, kogi ake ɗora wa laifi. Ni kuwa ruwan da na ratsa bai kai rabin taya ba, amma wa zai shaide ni? Daga ranar, in na wuce majalisa sai in ji ana cewa ga mai dafa inji nan. Asarar motar ba ta ci mini rai kamar wannan sunan ba.

Ban gyara ta ba. Na tura ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana na rufe da tamfol. Matata ta ce in sayar wa 'yan gwangwan mu huta, na ce ta bar ta, tana da aiki a gaba. Na koma ɗaukar kifi a babur. Da yamma kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, in zauna a benci da furfurata ina jan baƙaƙe. Duk harafin da ya ƙi ni, sai in tuna murmushin nan, in sake.

Na jira ruwa ya janye. Na jira aka yanke shinkafa, aka ci kifin tafkuna, fadama ta tsattsage. Sai da ya zama ko akuya ba ta samun inda za ta jiƙa ƙafa a hanyar Birniwa, sannan na je gaishe da mai unguwa. Na roƙe shi ya zo da dattawan da suka zauna wancan karon, da dillalin.

A gabansu bakanike ya juye tsohon mai ya wanke injin, ya ɗauko sabo a galan mai hatimi. Na ce dillalin ya fasa hatimin da kansa.

"Malam, wannan wane irin wasa ne?" ya ce.

"Haƙuri za ka yi, Alhaji. Jahili ne ke gwaji."

Bakanike ya zuba sabon man, ya cika lagireto da ruwa, ya bar murfin a buɗe, ya tayar da mota. Ya kira mai unguwa ya leƙa. Kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar tukunyar da ta kusa tafasa, alhali injin da sanyinsa. Salansar motar na fitar da farin hayaƙi. Muka ɗauki dattawa biyu muka bi hanyar Birniwa, busasshiya ƙaƙas, muka juyo tun kafin ta yi zafi sosai. Aka zaro sanda. Man ya fara komawa shayi.

"To, Alhaji," in ji mai unguwa, "wane kogin ta shiga yau?"

Bakanike bai tsaya nan ba. Ya kwance bututun ƙasan lagireto ya tara kwano. Wani jan dagwalo ya zubo, da 'ya'yan barkono a ciki. Garin barkono ake zubawa ya toshe yoyo na kwana biyu, daidai a samu mai saye. Wani dattijo ya shinshina ya yi atishawa, ya ce ashe motar yaji ake ba ta.

Wannan karon ba ni aka yi wa dariya ba. Mai unguwa ya ce dillalin ya ɗauki motarsa a warware ciniki, ya kuma janye maganar da ya yi a kaina, da bakinsa, a wurin. Ya janye, kansa a ƙasa. Ya miƙo hannu na karɓa, don dattawa na kallo.

Amma ban gama ba. Na samo kwali na rubuta da hannuna, da manyan baƙaƙe karkatattu: BUƊE LAGIRETO, DUBA KUMFA. ZARO SANDA, DUBA MAI. Na rataya shi a teburin mai shayin da ke kallon filin motocin dillalin. Ranar kasuwa nan nake karyawa. In mai saye ya tsaya yana ƙoƙarin haɗa baƙin, sai in ajiye kofina in karanta masa da ƙarfi, yadda za a ji har tsallaken titi.