Mikin da Inna ta samu a gadon asibiti

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka aiko mini daga Lambara cewa mahaifiyata ta faɗi a bakin murhu. Ina aure a Bodinga a lokacin. Kafin in gama shiri yayana ya riga ya kai ta asibiti, sai can na same su. Ɓarin jikin Inna na dama ya shanye, bakinta ya karkace, da ido kawai take bin mu.

Mun zo a mugun lokaci. Amai da gudawa sun ɓarke a ƙauyuka, ana ta shigo da mutane, wasu a kan babur an riƙe su a tsakiya. Ɗakin mata ya cika har baranda. Babbar nas ɗin ɗakin wata doguwar mace ce da furfura ta fara leƙowa a gefen ɗankwalinta, kowa Sista yake ce mata. Ba ta da yawan magana. Takan zo ta auna jinin Inna, ta ba ta magani, ta ce, "Sannu Inna," kafin ta rufe baki an kira ta wani gadon. Ni kuma ina ba Inna kunu da cokali, ina goge mata jiki, amma ban taɓa motsa ta ba. A ganina wanda ya faɗi haka, hutunsa shi ne a bar shi yadda yake kwance.

Allah ya kawo sauƙi. Jinin ya sauka, Inna ta fara haɗiye tuwo mai laushi, har ta kira ni da sunan da take kirana ina yarinya. Likita ya ce a sallame mu. Yayana ya zo da albasa cikin buhu don ya gode wa Sista.

Da hantsi Sista ta ce bari ta wanke Inna da kanta kafin mu tafi. Da ta juya ta, sai ta tsaya. A ƙasan bayan Inna fata ta saɓule, wurin ya yi ja, tsakiyarsa ya fara baƙi. Ta daɗe tana dubawa.

Yayana da ya ji abin da ya faru ya ce daga bakin ƙofa, "Sista, ai rai kunka ceto. Wanga ɗan miki ba komi na ba."

Ta ce, "Malam, ciwon da ta zo da shi daga Allah na. Wanga kuwa nan ta same shi, bisa gadonmu. Kwanciya wuri guda ka kawo shi. Ya kamata a riƙa juya ta, ko in nuna ma ɗiyarta yadda a ka yi."

Wata ƙaramar nas da ke ɗaura wa wata mata ruwa ta juyo, idonta ya yi ja don rashin barci. "Sista, mu biyu ga ɗaki duka. Hannu nawa gare mu?"

"Na sani, ƙanwata. Ban ce laihinki na ba. Amma kada mu ce mun yi mata aiki mai kyau."

Ba ta karɓi albasar ba. Ta sa ni na durƙusa kusa da ita, ta nuna mini yadda zan tallabi kafaɗa da ƙugu in juya Inna, inda zan cusa filo, da yadda zan wanke mikin da ruwan gishiri da aka tafasa. Ta hana mu sa toka ko man shanu. Ta ce in juya ta bayan kowace salla, da kuma tsakanin salloli.

Muka koma gida da Inna. Ranar hutun Sista sai ga ta a Lambara a bayan babur, zanenta duk taɓo. Ta duba mikin, ta yanke mataccen naman, Inna na riƙe da hannuna. Ta sake zuwa bayan haka, ba sau ɗaya ba. Wata rana muna zaune a inuwar rumbu na ce mata mutanen garinmu suna yabon asibitinsu, don da yawa sun koma gida da ƙafarsu a wannan damina.

Ta ce ta ji daɗi, amma su ba haka kaɗai suke auna aikinsu ba. "Ku kuna duban wa ya tashi. Ni in na koma gida, waɗanda sunka kira ni na ce ina zuwa, ban koma ba, su nike tunawa."

Mikin bai rufe ba sai bayan an gama girbi. Inna ba ta sake tafiya ba, amma takan zauna a tabarma tana ɓarar gyaɗa da hannun hagu, jikoki na kewaye da ita. Bayan babbar salla Allah ya karɓi abinsa.

Sista ta zo gaisuwa. Ta zauna cikin mata, ta yi wa Inna addu'a, ta sha ruwa. Ba ta jima ba ta nemi mai babur, don aikin yamma gare ta.