Abin da Rabi Ta Karya Kumallo da Shi

A shekarar fari ta biyu, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu na unguwar Kalley, bayan magariba. Tsarin ba ya canzawa. A yi salla, a sha kunun jar dawar taimako, a wanke ƙwarya, sannan mu kewaye murhu kafin garwashi ya mutu, Kaka ta yi mana tatsuniya. A cikinmu akwai Rabi, 'yar gwaggona, wadda aka kawo daga wani ƙauyen Tawa bayan shanun ubanta sun ƙare. Ajinmu ɗaya a kolej, shekarar da ake fara Ingilishi.

Mushen Ingilishi, wato malaminmu, saurayi ne, ba ya duka, da wasa yake koyarwa. Muna son sa, ba zan ɓoye ba. Da wasa muka koyi ƙirga, da wasa muka koyi launuka. Wata safiya ya zo da balo, ƙwallon tsumma, ya kafa doka. Ta farko, a jefo maka ka cafe. Ta biyu, ka faɗi da Ingilishi abin da ka karya kumallo da shi. In ka yi shiru, ka tsaya jikin allo da ƙafa ɗaya.

Ya rubuta kalmomin: burodi, madara, ƙwai, shayi. Yawancinmu ba mu ga ƙwai ba tun bara, amma balo na yawo, kowa na cin ƙwai. Da ya zo hannuna na ce burodi da madara, Mushe ya tafa mini. Na jefa wa Rabi.

Ta cafe, ta yi shiru. Ta san kalmomin duka, don ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Mushe ya ce, "Ke dai faɗi ko wanne, ai wasa ne."

Ta ce, "Mushe, ban ci komai ba. Yaya ake faɗin wannan?"

Aji ya kwashe da dariya. Mushe ya ce wannan ba ya cikin darasin yau, kuma doka doka ce. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, da wofin ciki, har jiri ya kayar da ita. Ni ma na yi dariya.

Da yamma Rabi ta ce ita da lakwal har abada, ta bar karatu ke nan. Kaka ta ce wa Baba ya je ya ga diraktan makarantar. Baba direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya ce, "Inna, zamanin soja ne fa. In je in ce gidan ma'aikacin gwamnati ba a karya kumallo? Gobe a karɓe makullin mota."

Kaka ta dube shi, ta tura itace a wuta da ƙarfi. Ta ce mana, "Ku matso. Ta yau ba ta da zaƙi."

Ta ce an yi wata shekarar yunwa, kura ta rame har ba ta iya farauta. Sai ta tara 'ya'yan namun daji ta ce za ta koya musu wasa: kowa ya kaɗa cikinsa kamar ganga, wanda nasa ya fi ƙara shi ya faɗi, ya bi ta bayan suri. Yara suka ji kunyar a ji cikinsu fayau, suka yi ta haɗiyar yashi. 'Yar barewa kaɗai ta ƙi. Ta kaɗa, cikinta ya yi kwam-kwam, aka yi mata dariya. Kura ta taso mata, ita kuwa ba nauyi, ta zura da gudu. Kura ta juyo kan sauran, ba mai iya ɗaga ƙafa.

Ƙanena ya ce, "Kaka, ta cinye su?"

"Har yashin."

Kullum maigida Kaka take ce mini don tsokana. Ran nan da sunana ta kira ni. "Idi, burodin naka na safe, da man shanu aka shafa maka ko haka ka ci shi gaya?"

Ashe labari ya riga ni gida. Ba wanda ya yi dariya.

Rabi ba ta koma ba. Kayan miya ta yi ta sayarwa a kasuwar Lazaret har ta tsufa. Ni da ba ni da rabin kanta na ƙara shekara biyu aka kore ni.

Na daɗe ina cewa Mushe ne kurar. Yanzu na san ba kura ba ne, ƙosasshe ne da bai dubi fuskokin da ke gabansa ba, kuma wannan ba uzuri ba ne. Baba tsoro ne ya ci shi. Ita kanta Kaka ina da magana da ita, Allah ya jiƙanta: ta bar barewa ta gudu, ba ta ce ga inda ta nufa ba. Barewa na da daji. Rabi bencin ajin nan kaɗai take da shi.

Amma fushin da ya ƙi kwanciya nawa ne. Da na miƙe na ce ni ma ban ci ba, da rabin aji ya miƙe, da wasan ya mutu nan take, da Rabi ta koma ta zauna. Ina da ƙafa biyu a ƙasa, ban miƙe ba.