Layin da Ban Goge Ba

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suna kan mulki, ina aikin buga takardu a wani biron ruwa, wato ofishin kula da rijiyoyi, a Agadas. A cikin ordinatarmu, wato kwamfuta, akwai fishiye ɗaya, kundin bayanai, da ya fi kowa daraja a wurin, har da shef. Shi ke ɗauke da wurin kowace rijiya daga bakin gari har hanyar Djado, da zurfinta, da wadda ta ƙafe. Da shi direbobin sitarne, motocin dakon ruwa, ke sanin inda za su kai wa makiyaya ruwa.

Ba rubutun mutane ba ne, lambobi ne biyu-biyu a jere. Mai gyara shi wani dattijo ne ɗan tsohon gari, da ya taɓa aiki a tashar wuta ta Tchirozérine. Da wani ɗan shirin ordinata marar ado yake yi: baƙin allo, sai umarnin da ka buga. Na kan tsaya bayansa baki buɗe. Ya canza lamba biyu, rijiya ta mutu a taswira!

Shirin yana da 'yar takardar saiti, inda dattijon ya rubuta masa halin da zai bi. Kafin shirin ya ajiye kowane gyara sai ya tambaye ka sau biyu ko ka tabbata. Ni kuwa ba ni da haƙuri.

Na ce, "Baba, abin nan naka ya cika tambaya kamar jandarma mai tare motoci a bariyer."

Ya ce, "Bar shi, ɗiyata, shi ba shi gajiya."

Kafin bazara Allah ya yi masa rasuwa, aikin ya dawo hannuna. Wata safiya shef ya ce wata rijiya ta ƙafe, in gyara maza, motoci za su tashi kafin azahar. Shirin ya fara tambayoyin nan nasa, raina ya ɓaci. Na buɗe takardar saitin na goge layuka uku na sama. Ashe ɗaya cikinsu shi ke gaya masa cewa wannan fishiye lambobi ne, kada ya taɓa su kamar rubutu. Na gyara rijiyar na ajiye, taswira ta ƙi buɗewa. Rijiyoyin duk sun tafi, direbobi kuma suna waje suna shan shayi suna jirana.

Na koma cikin saitin, ko zan tuna abin da na goge. A ranar na fara gangarawa har ƙarshensa. Can ƙasa akwai layi ɗaya, a kansa dattijon ya bar bayani da Hausa: "Wanda ya yi gaggawa ya goge na sama, kada ya yi kuka. Wannan yana ɓoye kwafi kafin kowace ajiya." Ya rubuta inda kwafin yake.

Na je na duba. Ga fishiyen rijiyoyi lafiya lau, ga ma takardar saitin yadda take kafin in sa mata hannu. Mutum yana kabari, amma ya san halina, ya kuma tanadar mini mafita tun ban yi kuskuren ba. Ban taɓa jin girman wani ya danne ni haka ba.

Na mayar da layukan uku, na gyara rijiyar. Shirin ya tambaye ni ko na tabbata. Ya sake tambaya. Na ce da ƙarfi, har shef ya leƙo, "Na tabbata, Baba."