Neman Tuƙar Ɗinya a Gozaki

Funtua zuwa Malumfashi

Ana idar da sallar asuba na fito da jakata da tukunyar ƙarfe mai kulle tururi. A lokacin ina ɗakin gwaji na wata masana'antar man gyaɗa, ga shi maganin da muke zubawa don kada mai ya yi wari ya daina zuwa daga waje. Manaja, Mista Okoro, ya ce in ban samo madadinsa ba kafin sabuwar gyaɗa, zai rufe ɗakin ya sallame ni. Ni kuwa na taɓa dafa tuƙar ɗinya, wato ɓawo da ƙwallon da masu maɗi ke zubarwa, a cikin tukunyar nan, matsin tururi ya fitar da wani baƙin ruwa mai hana mai lalacewa. Sai na aika wa Kawu Iro a Gozaki a tara mini.

Bas ta cika da buhunan masara da 'yan kasuwa. Bayan Bakori 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya ƙura wa tukunyar ido.

“Malam, wannan fa, mai agogo a ka?”

“Ta dahuwa ce, ranka ya daɗe.”

Direba ya ce, “Tuzuru ne, yallaɓai, da tukunyarsa yake yawo.” Aka yi dariya, muka wuce. 'Ya'yana uku a lokacin, amma ban musa ba.

Malumfashi zuwa Gozaki

Na karya da ƙosai da koko a tasha, na hau a-kori-kura ta hanyar Kafur. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta zaizaye, sau biyu muna sauka mu tura. Da azahar muka isa, bayana kamar an yi mini duka.

Gozaki

Kawu ya tarbe ni da fura. Matarsa Inna Delu, wadda ita ce uwar masu maɗi a unguwar, ta sa aka jawo buhu aka kwance. Tuƙa ce fes, ta yi fari, ta bushe ƙayau.

“Ɗan nan, da muka ji birni za a kai ta, muka ce ba ma ba ka shara ba. Mu duka muka taru muka wanke ta a rafi, muka shanya.”

Baƙin da na zo nema shi suka wanke, ya bi ruwa, kuma ɗinyar bana ta ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Na dubi hannayenta da suka tsattsage, na ce Allah ya saka da alheri.

Da la'asar na zagaya bayan gida, sai ga kwami cike da ragowar tuƙa baƙa wuluk, ɗanya, wadda ba a wanke ba, awaki na ci. Na kira Kawu gefe na faɗa masa gaskiya.

“Haba Sani. A ji a gari baƙona ya tafi da abincin awaki? Innarka kuma in ta sani ba za ta ƙara ɗaga kai ba.”

“Kawu, aikina ne ke cikin kwamin nan.”

Sai ya kore awakin da kansa. Muka kwashe a tukunyata, na kulle murfi. Da safe na ɗauki buhun wankakkiya a ka, na bi gida gida ina godiya.

Komawa gida

Na iso Funtua da magariba, washegari na ɗora tukunya. Ruwan da ya fito bai cika kwalba ba. Na ɗiga shi a mai, na ajiye kusa da wanda ban taɓa ba. Da sabuwar gyaɗa ta shigo, Mista Okoro ya shinshina na farko ya gyaɗa kai, ya shinshina na biyu ya kawar da fuska, ya ce in ci gaba da aikina.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu Iro. Inna Delu kuwa na aika mata da turmin atamfa, kuma har ta rasu tana gaya wa mutane wankinta ne ya tsare mini aiki. Ni da Kawu ba wanda ya taɓa gyara mata zance.