Ƙarfin da ke shiga ta tafin ƙafa

Lokacin da finafinan 'yan Caina suka cika gari, wani tela maƙwabcinmu a Mafoni ya rantse zai iya kayar da ƙato bai taɓa shi ba. Wai ƙarfin daga ƙasa yake shiga ta tafin ƙafa, shi ya sa yake tuɓe takalmi. Kawuna ya ce, "Maƙwabci, ni dai in rigima ta taso, gudu na sani."

Suna wannan musu da azahar, rairayi kamar garwashi, wani bijimi ya tsinke igiya ya yo kanmu. Tela har ya wuce kawu a guje, yana ihun ƙafarsa.

Bai fasa cika baki ba, amma daga ranar ta cikin takalmi ƙarfin yake shiga.