Tumbin Soso

Yana tsaye a shagon tela, hannuwa a sama, riga na yawo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Sai da ya ja tsaki aka gane shi: Baba Tumbi ne, na wasan barkwancin nan da ya shekara goma sha biyar a talabijin. A wasan an yi aure, an haihu, an mutu, amma tumbinsa bai isa ya motsa ba. Ciwon suga kuwa ba ruwansa da labari, ya zuƙe shi tas.

"Ƙara soso," yake ce wa tela.

"Baba, ai ya zama katifa. Ka ce su rubuta cewa ka rame mana."

"Darakta ba zai yarda ba."

Yadda yake kau da ido, da wuya in ya taɓa tambaya. Tsoronsa kada darakta ya yarda, a nuna shi haka, masu kallo su yi tsit.

Ya ɗaura soson, ya juya gefe a madubi. Tela ya tuntsire da dariya. Baba bai taya shi ba, ya dai ce a ɗinke haka.