Ƙafar Baba a Kan Totur

Baba bai taɓa gudu da mota ba. Yadda yake taka totur, sai ka ce tsoro yake kada ya ji masa ciwo. Daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Rimin Gado masu babur su wuce mu, 'yan adaidaita su wuce mu, mu 'ya'yansa muna sunkuyar da kai, shi kuwa ko a jikinsa.

A daminar da ya fara dogara sanda ne motar ta soma fizga. Yana cikin tafiyarsa ta sannu sai ta yi kamar za ta mutu, can kuma ta zabura. Ran nan ta zabura da shi ta faɗa gonar maƙwabcinmu, ta kwantar masa da gero. Gonakinmu a manne suke da hanya, babu wurin kaucewa, kuma yara a nan suke wasa.

Yayana ya karɓa ya ɗana, lafiya ƙalau. Na ɗana, lafiya ƙalau. Bakanike ya canza filogi, ya zaga da ita a guje, ya dawo ya ce babu abin da ke damunta. To, idan mota tana bin kowa sai mutum ɗaya, me ya rage? Muka yanke cewa ƙafar Baba ce ta fara rawa.

Sai dai wa zai faɗa masa? A gidanmu ɗa ba ya duban idon uba ya ce masa ka tsufa. Muka bi ta wajen amininsa, limamin unguwarmu. Bayan la'asar Baba ya kira ni, ya ajiye mukullin motar a kan tabarma.

"Kai ke zuwa aiki Rijiyar Zaki kullum," ya ce. "Ka fi ni bukatarta."

Bai ƙara ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ya daina zuwa kasuwa, don ya ce ba zai hau bayan babur ba.

Bayan an cire amfanin gona, Inna ta ba ni ƙwan zabi cikin ƙwarya in kai wa ƙanwarta. Saboda ƙwan nan na sassauta ƙafa, na yi tafiyar Baba. Ai kuwa ban yi nisa ba ta fizga, ta zabura, ƙwarya ta kife. Ban taɓa murnar fashewar ƙwai ba sai ranar.

Na kai ta wurin mai gyaran wutar mota. Ya jona mata kwamfuta, sannan ya buɗe gaba ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai waya uku a bakin totur. Sansa ce, in ji shi, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya yadda direba ya taka. Ya sa mita, ya riƙa buɗe totur da hannu sannu a hankali. Lamba tana hawa, tana hawa, sai ta faɗi a wuri guda, ta sake tashi.

"Ka ga nan? Cikinta ya goge a daidai wurin. Mai motar nan ƙafarsa ba ta wuce nan. Ku da kuke dannawa har ƙasa tsallake wurin kuke yi."

Shekara da shekaru na haƙurin mutum ne suka cinye wurin. Mai gyaran ya sa sabuwar sansa, ya daidaita ta, ya sake gwadawa, lamba ta hau sumul.

Na kai wa Baba tsohuwar, na yi masa bayani. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

"Wato ba ƙafata ba ce?"

"Ba ita ba ce, Baba."

"Ikon Allah. Ni kuwa tun damina nake shafa mata man zafi, ban gaya wa ko uwarku ba."

Na miƙa masa mukulli da hannu biyu.

Ranar kasuwa ya ce in raka shi. Ya ajiye sandarsa a kujerar baya, ya yi bisimilla, ya tayar. Kafin mu kai titi wani mai keke ya wuce mu, na ɗaga masa hannu.